Agogon Richer da ya riƙa yin latti a Kayen, da abin da ya tona game da nauyi

A shekarar 1672 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta tura wani masanin taurari mai suna Jean Richer zuwa Kayen, wani gari a gaɓar teku can arewacin Kudancin Amurka, a yankin Giyana da har gobe yake hannun Faransa. Maganar nauyi bata cikin abin da aka aike shi, aikin da ya kai shi shine ya auna inda duniyar Mars take a sama a daidai lokacin da Giovanni Cassini yake auna ta daga Faris, don a shekarar Mars ta matso kusa da mu sosai, kuma idan mutum biyu suka kalli abu ɗaya daga wurare biyu masu nisa, tsakanin Faris da Kayen kuwa kusan kilomita 7,000 ne, to ɗan bambancin da za su gani shi zai ba da nisan abin. Aikin ma ya yi kyau, daga shi Cassini ya fitar da cewa nisan rana daga nan ya kai kusan kilomita miliyan 140, yau mun san miliyan 149.6 ne, kaga basu yi nesa da gaskiya ba.

To a cikin kayan aikin da ya tafi da su akwai agogo mai lilo, irin dogon nan da ake jinginawa a bango sanda tana kai da kawowa a cikinsa. Lokacin sabon abu ne, don sai a 1656 Christiaan Huygens ɗan ƙasar Holan ya ƙera na farko, kuma babu agogon da ya kai shi riƙe lokaci a duniya gaba ɗaya. Sirrinsa a lilon yake. Idan ka rataye ɗan ƙarfe mai nauyi a sanda mai tsawon kusan santimita 99.4 ka sake shi, duk zuwa ɗaya sakan ɗaya ne, duk dawowa sakan ɗaya, sauran haƙoran cikin agogon ƙirga wannan lilon kawai suke yi. Abu biyu ne ke yanke saurin lilo, tsawon sandar da kuma ƙarfin da ƙasa take janyo ƙarfen da shi. Girman ƙarfen kansa baya ciki, ko ka ninka shi biyu lilon bai canja ba. Ka riƙe wannan don nan gizo ke saƙar.

An saita agogon a Faris yana tafiya daidai. Da aka kafa shi a Kayen sai ya fara latti, kusan minti 2 da rabi kullum, ko in faɗi adadin da masanin Ingila Isaac Newton ya rubuta daga baya, minti 2 da sakan 28. Mutum zai ce to ta yaya ya sani tunda babu rediyo babu waya ballantana wani agogon da ya fi nasa da zai duba? Da taurari. Duniya tana juyawa ne da sauri guda, tauraron da ya gifta saitin kanka yau da dare zai sake giftawa bayan awa 23 da minti 56 da sakan 4, a Faris haka a Kayen haka, saboda haka in agogo ya saɓa da taurari agogon ne da laifi. Richer bai tsaya a gani ɗaya ba, ya yi ta maimaita awon mako bayan mako har wajen wata 10, sannan ya gano sai ya rage tsawon lilon da layi ɗaya da kwata a ma'aunin Faransa na lokacin, wato kusan milimita 2.8, kafin ya dawo yana buga sakan daidai. Ya koma gida a 1673, rahoton ya fito a buge a 1679.

Milimita uku ma bata cika ba. Gaskiya da wani ne da ya murɗa ɗan sukurun da ke ƙasan lilon ya gyara agogonsa ya ci gaba da kallon Mars, babu wanda zai taɓa tambayarsa, ni a ganina abin yabon Richer kenan, ya rubuta abin da ya gani duk da ba shi aka aike shi nema ba kuma bai zo da bayanin dalili ba.

A Faris ba a karɓi maganar hannu bibbiyu ba. Na farko dai mutumin yana da ɗan tabo, don a 1670 an haɗa shi da agogunan Huygens a jirgin ruwa zuwa Kanada don a gwada su a teku, agogunan suka tsaya a hanya, Huygens ya ɗora masa laifi wai sakaci ya yi. Na biyu kuma Jean Picard, wanda kowa ya yarda da hannunsa a awo, ya je Denmak a 1671 ya auna lilon sakan bai ga wani bambanci da na Faris ba, sai aka ɗauka ai ko'ina ɗaya ne. Bayanin da ya fi sauƙin shiga kai shine zafi, Kayen ƙasar zafi ce, ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, sanda ta ƙara tsawo lilo ya rage sauri, shikenan magana ta ƙare. Hujjar tana da kyau a baki amma lissafi baya goyon bayanta. Sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, duk digiri ɗaya na zafi abin da take ƙarawa wajen milimita 0.012 ne, ko ka ce Kayen ta fi Faris zafi da digiri 15 abin da zaka samu bai kai milimita 0.2 ba, a agogo kuma wajen sakan 8 kenan a rana. Kafin zafi ya ba ka milimita 2.8 sai sandar ta haura digiri 200, wato sai dai in cikin murhu Richer ya ajiye agogon. Shi kuma awon Picard ba ƙarya ya yi ba, Denmak ɗin ce bata da nisa da Faris ta fuskar arewa, wajen digiri 7 ne tsakaninsu a ma'aunin taswira, bambancin ya yi ƙanƙanta da kayan aikinsa su kama, alhali Faris tana digiri kusan 49 arewa da ikweta, wato layin da ya raba duniya biyu arewa da kudu, Kayen kuma digiri 5 kacal.

Daga nan sai shaidu suka fara taruwa. Edmond Halley, masanin taurari ɗan Ingila, ya je tsibirin Saint Helena da ke kudancin tekun Atilantika a 1677 shi ma agogonsa ya yi latti sai da ya rage lilon. A 1682 wasu Faransawa, Varin da Deshayes, suka auna a tsibirin Gore da ke gaban Dakar ta Sanagal, nan ma lilon sakan ya fito gajere fiye da na Faris, suka wuce tsibiran Karebiyan suka sake samun haka. Duk inda aka matso kusa da ikweta sai agogo ya yi nawa. Tunda dai tsawon sanda bai canja ba kuma girman ƙarfe baya cikin lissafi, abu ɗaya ya rage, ƙasa ce bata ja da ƙarfi a can kamar yadda take ja a Faris.

Wanda ya ɗauki wannan ya gina magana a kai shine Isaac Newton, a littafinsa Principia na 1687, inda a bugun da aka sake yi daga baya ya ambaci Richer da sunansa. A wajen Newton kowane abu yana da yawan jikinsa, wato tarin abin da aka yi shi da shi, wannan shi muke ƙirgawa da kilo kuma baya canjawa ko ka kai abin ina. Nauyi kuwa ƙarfin da duniya take janyo wannan jikin ne zuwa tsakiyarta, saboda haka nauyi na mutum biyu ne, abin da ake ja da kuma mai jan. Ƙarfin jan ya dogara da yawan jikin duniyar da kake tsaye a kai, da kuma nisanka da tsakiyarta, in nisan ya ninka biyu jan baya komawa rabi, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Ana auna shi da yadda gudun abu ke ƙaruwa in ya faɗo, a Faris duk sakan ɗaya gudun yana ƙaruwa da kusan mita 9.81 a sakan, a Kayen kuma 9.78. Ka ninka wannan lamba da kilon abu, ka samu nauyinsa a wurin. Shi Newton har gwaji ya yi da lilo, ya cika akwatuna iri ɗaya da zinariya da azurfa da dalma da gilashi da yashi da gishiri da katako da ruwa da alkama, duk suka yi lilo tare, abin da ya nuna lilo ba ruwansa da me ka rataya, jan ƙasa zalla yake aunawa. Ashe agogon Richer na'urar auna jan ƙasa ce ba tare da mai ita ya nufa ba.

To me yasa jan ya fi rauni a ikweta? Dalili biyu ne kuma ɗaya ne ya haifi ɗayan.

Babban shine juyawar duniya. Wanda yake tsaye a ikweta duniya tana zagayawa da shi da gudun kusan kilomita 1,670 a awa, wanda ke Faris da'irarsa ta fi ƙanƙanta gudunsa wajen 1,100 ne, wanda ke can ƙarshen arewa kuwa a wuri ɗaya yake juyawa baya zuwa ko'ina. Duk wanda ya taɓa kaɗa majajjawa ya san dutsen so yake ya fice, igiyar ce ke riƙe shi, to haka abu a ikweta yake, wani ɓangare na jan ƙasa yana tafiya ne wajen riƙe shi a kan da'irar, abin da ya rage shi ne yake danna sikeli. Ɓangaren da ke tafiya kusan kashi 1 cikin 289 ne. Lambar tana da daɗi don 289 shine 17 sau 17, ma'ana da duniya zata ƙara saurin juyawa sau 17, yini da dare su koma ƙasa da awa ɗaya da rabi, da mutanen ikweta sun daina danna ƙasa kwata-kwata.

Na biyu shine siffar duniyar. Newton ya ce tunda tana juyawa dole ta yi tumbi a tsakiya ta ɗan baje a ƙarshen arewa da na kudu, in ba haka ba da ruwan teku duk ya gangaro ikweta ya shanye ƙasashen wurin. Ya ƙiyasta bajewar da kashi 1 cikin 230, Huygens da nasa lissafin ya ce 1 cikin 578, yau awon tauraron ɗan adam ya ba da 1 cikin 298, kaga Newton ya fi kusa. Daga tsakiyar duniya zuwa ikweta kilomita 6,378 ne, zuwa ƙarshen arewa kuma 6,357, bambancin kilomita 21. Sai dai kar ka ɗauki kalkuleta ka sa wannan 21 ɗin a dokar nisa kai tsaye, zata ba ka bambancin da ya fi na gaskiya sau uku da wani abu, saboda shi kansa tumbin ƙasa ne da duwatsu kuma yana jan wanda ke tsaye a kansa, yana mayar masa da wani abu daga abin da nisa ya rage. In an haɗa komai, jan a ikweta 9.780 ne a ƙarshen arewa 9.832, wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari kenan, kusan kashi biyu cikin uku na bambancin daga juyawa, ragowar daga siffa. Mutum mai kilo 70 in ya ɗauki sikelin banɗakinsa daga ikweta zuwa ƙarshen arewa zai ga ya ƙaru da wajen giram 370 alhali ko loma ɗaya bai ƙara ba.

In ka gwada lissafin a kan shari'ar Richer ɗin kanta, bambancin jan tsakanin Faris da Kayen kusan kashi 0.3 ne cikin ɗari, a lilo mai milimita 994 wannan ya ba da milimita 2.9, shi kuma ya ce 2.8. Mutumin da aka ce yana da sakaci.

Amma rigima bata mutu nan ba, sai ma ta koma ta ƙasa da ƙasa. Jacques Cassini, ɗan wancan Cassinin, ya auna tsawon Faransa daga arewa zuwa kudu ya fito da sakamakon da ke cewa akasin haka ne, duniya doguwa ce ta wajen arewa da kudu, matsattsiya a ikweta. Abin dariyar shine babansa da idonsa ya ga duniyar Jufita a baje a sama da ƙasa, ita da take gama juyawa cikin ƙasa da awa 10, amma dai aka tsaya a kan cewa tamu daban ce, kuma a gaskiya akwai ƙin yarda da Baturen Ingila a ciki. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai Cibiyar ta tura tawaga biyu. Ɗaya ta tashi a 1735 zuwa yankin Kito, lokacin ana ce masa Peru yau kuma Ikwado, da Godin da Bouguer da La Condamine, ɗayar ta tafi Lapland can ƙurewar arewacin Turai a 1736 ƙarƙashin Maupertuis, har da Anders Celsius mai ma'aunin zafin nan a cikinsu. Abin da za su auna shine tsawon digiri ɗaya a ƙasa, wato kilomita nawa zaka yi ta arewa kafin ka ci digiri ɗaya na taswira, in duniya a baje take a arewa dole digirin can ya fi na ikweta tsawo. Na Lapland suka dawo a 1737 da digirin da ya fi na Faransa tsawo, na Peru kuwa suka sha wahala kusan shekara 10 ga tsaunuka ga rashin kuɗi ga faɗa tsakaninsu, amma sakamakonsu ya tafi hanya ɗaya. A awon yau digiri a ikweta kilomita 110.6 ne, a ƙarshen arewa 111.7. Richer bai ga wannan ba, ya rasu tun 1696, bayan ya bar harkar taurari ya koma aikin injiniyan ganuwar soja.

Bouguer ya ƙaro wani abu a tafiyar, ya ɗauki lilo ya auna a bakin teku, ya auna a Kito mai tudun kusan mita 2,850, ya hau dutsen Pichincha ya sake aunawa, duk hawa sai jan ya ragu. Kusan kashi 0.03 cikin ɗari ne a duk kilomita ɗaya na hawa. Ya kuma lura dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarka shi ma yana nasa jan, har yau masu neman ma'adinai da man fetur suna yin wani gyara a lissafinsu da ake kira da sunansa, don dutse mai ƙarfe a ciki yana ja fiye da gishiri ko yashi, na'ura mai kyau tana jin wannan daga sama.

Wannan doka ɗaya ita ce ke aiki a sauran duniyoyi, sai dai can bambancin ba na milimita bane. Mars jikinta kusan kashi ɗaya cikin goma na tamu ne, mutum zai zaci nauyi a can ma kashi ɗaya cikin goma zai zama, amma ƙarama ce faɗinta rabin namu da ɗan ɗori, wanda ke tsaye a kanta ya fi kusa da tsakiya, sai jan ya fito 3.7, wato kashi 38 cikin ɗari na namu. Wata 1.6 ne, kashi ɗaya cikin shida. Wadda tafi ba ni mamaki duniyar Satan (Saturn) ce mai zoben nan, jikinta ya ninka na duniyarmu sau 95 amma ta kumbura faɗinta ya ninka namu sau 9 da wani abu, nisan ya cinye kusan duk ribar, jan a saman gajimarenta kusan ɗaya yake da na nan. Saboda haka girman duniya shi kaɗai baya gaya maka nauyinka a kanta sai ka tambayi faɗinta da saurin juyawarta.

Binciken ya yi ɓarna guda a lokacin, akwai masana irinsu Picard da Huygens da suke so a mai da tsawon lilon sakan ya zama ma'aunin tsawo na duk duniya, tunda kowa zai iya haɗa shi a gidansa. Da ya tabbata lilon Kayen daban na Faris daban sai shawarar ta yi rauni, kuma yana cikin dalilan da aka kawo a 1791 lokacin da Faransa ta zaɓi ta ɗauko mita daga tsawon duniya, kashi ɗaya cikin miliyan 10 na nisan ikweta zuwa ƙarshen arewa. Riba kuma ita Giyanar ce ta ci, wajen kilomita 60 daga Kayen akwai Kourou inda Turai take harba rokokinta, an zaɓi wurin tun 1964 kuma kusancinsa da ikweta yana cikin manyan dalilai, juyawar da ta rage wa agogo sauri ita ce ke ba roka kyautar gudun kusan mita 460 a sakan in an harba ta gabas. Daga nan aka harba madubin hangen nesa na James Webb ranar 25 ga Disamba 2021.

A kasuwa kuwa abin ya danganta da irin sikelinka. Mai faranti biyu da ake ɗora duwatsun awo a gefe ɗaya babu ruwansa da wannan duka, in jan ya ragu ya ragu wa kaya ya ragu wa dutsen awo, kilo ɗaya a Faris kilo ɗaya ne a Kayen. Amma na sifirin da na lantarki mai nuna lamba ƙarfin danna suke ji sannan su mai da shi kilo, saboda haka in an saita shi a Faris aka kai shi Giyana, inda ake haƙar zinariya har yau, kilo ɗaya na zinariya zai nuna wajen giram 997, giram 3 sun ɓace a fuskar sikeli ba tare da kowa ya taɓa ba. Kano tana digiri 12 ne arewa da ikweta ga ɗan tudu, jan wajen 9.78 ne kamar na Kayen, don haka sikelin lantarkin da aka saita a Turai ko arewacin Chana aka kawo ba a sake saita shi ba zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da giram biyu zuwa uku a duk kilo, a buhun masara ba wanda zai kula amma mai sayar da gwal ya kamata ya kula. Shi yasa sikeli masu tsada suke zuwa da dutsen awo na gwaji ko suke da nasu a ciki, a saita su a wurin da za su yi aiki. Ita kuwa lambar nan 9.8 da ake haddacewa a sakandare, asalinta 9.80665 ce, babban taron awo na duniya ne ya tsayar da ita a 1901 don a samu abin da kowa zai yi lissafi da shi, kuma ta yi daidai ne da wajen digiri 45 a bakin teku, Faris ta ɗan fi ta, Kano da Yamai da Kayen duk suna ƙasa da ita.